Waya ɗaya da yara sama da 80: amsa ga sabon malami a Daura

Ɗana, saƙonka ya iso, na kuma yi murna da jin an tura ka gwajin koyarwa a wata firamare da ke bayan garin Daura. Ka ce a kwaleji an nuna muku Google Classroom da Zoom da yadda ake haska darasi da majigi, amma da ka shiga aji 3 sai ka tarar da yara sun haura 80, ba wuta, ba ko soket a bango, iyayen yawancinsu kuma ƙaramar waya mai madannai suke riƙewa. Shi ne kake tambaya ko abin da aka koya maka ya tashi a banza ke nan.

Bai tashi a banza ba, zai yi maka rana. Amma kafin mu zo kan waya, akwai abin da nake so ka sani tukuna: cikin yaran nan, nawa ne za su iya karanta "Kaka ta dafa tuwo" ba tare da wani ya biya musu ba? In ba ka da amsar wannan, duk na'urar da aka ba ka za ka yi ta koyar da yara goman da ke gaba ne, sauran suna bin bakinka da amshi, kai kuwa kana zaton an gane.

Ka samu takarda ɗaya ka raba ta huɗu. A sama ka rubuta baƙaƙe da wasula guda goma a warwatse, ƙasa da su kalmomi masu gaɓa biyu, sai jimloli uku gajeru, sai ɗan labari na layi shida ko bakwai. Lokacin tara ko bayan an tashi, ka riƙa kiran yara ɗaya bayan ɗaya, ka zaunar da yaro kusa da kai, ka ajiye bulala nesa, ka fara masa daga jimlolin. In ya wuce ka kai shi labari, in ya cije ka sauko da shi kalmomi, in nan ma ya cije ka sauko baƙaƙe. Minti biyu zuwa uku ya ishi kowane yaro. Ka rubuta inda kowa ya tsaya. Google Sheets, manhajar jera bayanai a jadawali, na aiki a waya ko ba data, kuma zai jera maka su cikin sauƙi, amma littafi mai layi ma ya wadatar. Abin da za ka gani zai tayar maka da hankali, domin za ka samu yaron da ya shekara uku yana zuwa makaranta bai bambance "b" da "d" ba. Kada ka yi fushi da shi, ba wanda ya taɓa zama da shi shi kaɗai.

Daga nan sai ka ware awa guda kullum ka raba ajin gwargwadon inda kowa ya tsaya, ba gwargwadon shekaru ba. Ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ce ta yi fice da wannan tsari, har ya bazu zuwa ƙasashen Afirka, cikinsu da Nijeriya. Mu kuwa ba baƙonmu ba ne. A makarantar allo kowa da allonsa, kowa da inda karatunsa ya tsaya, ba a wanke wa yaro sai ya iya, manya kuma suna biya wa ƙanana. Haka za ka yi: waɗanda suka iya karanta labari su zama mataimakanka a rukunin masu kalmomi, kai kuma ka zauna da 'yan baƙaƙe, don su suka fi bukatarka. Ka kuma tambayi hedimasta ko akwai sauran littattafan shirin RANA a kabad. Shiri ne na koyar da karatu da lissafi da Hausa a ƙananan azuzuwa da aka gudanar a jihohin Katsina da Zamfara tare da UNICEF. In makarantar ta amfana da shi, wataƙila littattafan na nan ƙura ta rufe su.

Kayan aikin da na fi so ka mallaka kafin komai shi ne ƙaramin allo a hannun kowane yaro, ko a ƙalla ɗaya ga yara biyu. Guntayen filawud daga wurin kafinta, a shafa musu baƙin fenti, shi ke nan. Ka rubuta 32 − 7 a babban allo, ka ce kowa ya yi shiru ya rubuta amsarsa, ka ƙirga zuwa ashirin, sannan ka ce "Ku ɗaga!" Cikin ƙiftawar ido ka ga amsar ajin gaba ɗaya. Wasu za su rubuta 25. Amma ka lura da waɗanda suka rubuta 35, za ka same su da yawa. Waɗannan ba cinta suka yi ba, tunani suka yi: sun ga 7 ba ta fita daga 2, sai suka juya suka cire 2 daga 7 suka samu 5, suka sauko da 3 yadda take. To ka gano ciwon. Sai ka fito da tsinken kara da ka ɗaure goma-goma da kyauro, ɗauri uku da tsinke biyu a gefe, ka kira ɗaya daga cikinsu ka ce ya ba ka bakwai. Zai tsaya yana kallon biyun nan, can sai ka ga hannunsa ya kai kan ɗauri ɗaya ya kwance. Ranar ya fahimci abin da ake nufi da aro. Manhajojin gwaji masu tsada da ake tallatawa, babban aikinsu ke nan, su nuna wa malami wa ya gane wa bai gane ba nan take, ga shi ka samu da kuɗin alli.

Yanzu mu zo kan wayarka. Mafi yawan aikinta da dare ne, a ɗakinka, ba a gaban yara ba. A shekarar 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar da Nigeria Learning Passport, wani dandalin karatu na intanet, kyauta ne, akwai darussa a ciki har da na Hausa. Ka yi rajista, ka duba yadda wani ya gabatar da darasin da za ka koyar gobe, ka ɗauki abin da ya dace da yaranka. Shafin African Storybook kuma yana da gajerun labarai na yara da Hausa, an jera su daga masu sauƙi zuwa masu wuya. Ranar da ka samu sabis mai ƙarfi ka sauke da yawa ka ajiye. In akwai kuɗin bugawa ka buga, in babu ka kwafe labari ɗaya da manyan baƙaƙe a bayan kwalin taliya ka rataye. Ka karanta kowane labari da kanka kafin ka kai aji, domin wasu fassara ce, Hausar takan yi tauri, sai ka gyara. Ka kuma saka Hausa cikin madannan Gboard, ta yadda duk abin da ka rubuta zai fito da ƙ da ɗ da ɓ yadda suke. Mai koyon karatu dole ya ga baƙi da lanƙwasarsa.

Cikin aji kuwa, in za ka sayi abu ɗaya, ka sayi ƙaramar lasifika mai caji da ake haɗawa da waya ta Bluetooth. Murya takan kai ƙarshen aji, hoton waya ba ya kaiwa. A darasin Turanci ka kunna musu zance na minti ɗaya, ka tsayar, ka tambaye su da Hausa me suka ji, ka sake kunnawa. Bidiyo kuma kada ka ɗaga waya sama ka ce yara 80 su kalla, na gaba ne kawai za su gani, na baya su fara ture-ture. Ka nuna wa shida ko takwas a lokaci guda yayin da saura ke aiki a allunansu, ka kuma gaya musu abin da za su nema kafin ka kunna: "Ku lura da wane ɓangare ne ya fara fitowa daga irin, saiwa ko ganye."

Akwai wani amfani da ba a cika faɗa ba. Sau ɗaya a mako ka ajiye wayar a taga ta naɗi sautin darasinka daga farko har ƙarshe, da dare ka saurara kai kaɗai. Ka ji minti nawa ka yi kana magana, minti nawa yara suka yi. Ka ji ko kana jira bayan ka yi tambaya, ko kuwa kai kake amsa wa kanka. Ka ji sunayen da kake kira, shin akwai 'yan mata a ciki, shin akwai na kujerar baya. Ba mai duba malamai da zai gaya maka gaskiya kamar wannan. Sauti na ce, ba hoto ba. Kada ka ɗauki fuskokin 'ya'yan mutane ka sa a Facebook ko TikTok, ko da nufin nuna ƙwazonka ne. Amana aka ba ka, kuma ka san halin tsaron da muke ciki.

Batun karatu daga nesa, mu a jihar nan ta Katsina mun ɗanɗana shi ba da son ranmu ba. A watan Maris na 2020 annobar korona ta sa aka rufe makarantu a faɗin ƙasa. A Disambar shekarar aka sace ɗaruruwan ɗalibai a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, aka sake rufe makarantu. A Satumbar 2021 kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Funtuwa da Malumfashi da Dutsin-ma da Jibiya. Daura ba ta ciki, amma aiki na iya kai ka can gobe. Don haka duk tsarin da zai mutu ranar da sabis ya ɗauke, kada ka dogara da shi shi kaɗai.

Ka tuna wayar gidan ta uba ce. Da ita yake fita kasuwa ko gona, ba ta dawowa sai magariba, wani lokacin ma a shagon mai caji take kwana. Darasin kai-tsaye irin na Zoom, wanda sai kowa ya hau a lokaci ɗaya, ba na waɗannan gidaje ba ne. Abin da ke aiki shi ne saƙon murya, domin ba ya cin data kamar bidiyo, yana jiran mai shi har ya dawo, ana kuma iya maimaita shi. Kada ya wuce minti biyar. Ka yi sallama, ka gaida iyaye, ka ce wa yaro ya ɗauko allonsa da duwatsu ashirin, ka ba shi aiki, ka ce "Tsayar da wayar, in ka gama ka kunna." Ka rufe da jinga guda ɗaya wadda za a iya yi da abin da ke cikin gida, kamar ƙirga kofunan da ke cika kwano, ko neman abubuwa biyar da sunansu ya fara da "k". Ka yi wa iyaye mata magana kai-tsaye, su ne ke gida da yaran. Uwar da ba ta yi boko ba tana iya cewa ɗanta ya karanta mata tana tankaɗe, kuma tana gane lokacin da yake in-ina.

Masu ƙananan wayoyi ma ba a bar su ba, yawancin wayoyin nan suna ɗaukar memori suna kuma kunna sauti. Ka tara darussan mako ka kai wa mai tura waƙoƙi da wa'azi a bakin kasuwa, ka roƙe shi ya riƙa sa wa iyayen da suka zo, ko ka tura wa mutum ɗaya a unguwa ta Bluetooth ya yaɗa. In ka buɗe zauren WhatsApp na iyaye, ka nemi izinin hedimasta, ka saita shi kai kaɗai ke iya turawa, in ba haka ba cikin kwana biyu darasinka zai nutse a ƙarƙashin gaisuwar Juma'a da labaran siyasa. Amsoshi su zo maka ta gefe. Sannan ka rubuta sunayen yaran da gidansu babu waya ko kaɗan. Waɗannan ka fara tunawa da su, ka ba su aikin a takarda, ko ka haɗa su da maƙwabcin da ke da ita. In ba ka yi haka ba, kai da kanka ka ƙara tazara tsakanin ɗan mai hali da ɗan talaka.

Google Classroom da Google Forms ka riƙe su da kyau, ranarsu na zuwa in ka koma babbar sakandare ko makarantar da ɗalibai ke da manyan wayoyi. Forms yakan yi makin gwaji da kansa, ya nuna maka tambayar da ta fi kayar da ɗalibai. Kuma tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya, saboda haka zalunci ne a bar ɗalibi ya kai aji shida na sakandare bai taɓa danna madannan kwamfuta ba. In ka samu makaranta mai 'yan kwamfutoci amma ba intanet, ka nemi manhajar Kolibri. Kyauta ce, ana sauke darussa a kwamfuta ɗaya, sauran su jona da ita a cikin ɗaki ba tare da data ba.

Na san kuma abokanka suna sa ChatGPT ya rubuta musu shirin darasi. Ban hana ka ba, yana da amfani wajen fito maka da tambayoyin gwaji da yawa cikin minti ɗaya. Sai dai ka warware kowace tambaya da hannunka kafin ka kai aji, domin yakan yi kuskure ya kuma faɗe shi da ƙarfin gwiwa, Hausarsa takan karkace, misalansa kuma sau da yawa na wata ƙasa ne. Bai san yaranka sun rubuta 35 ba. Kai ka sani, shirin darasin gobe daga nan ya kamata ya taso.

Wannan makon ka yi gwajin karatun nan, ka je wurin kafinta a yanko maka alluna. In ka gama ka turo mini adadin yaran da ke kowane mataki, ba sai da sunaye ba, mu zauna mu tsara yadda za ka raba awa gudan nan tsakaninsu. Ka gaida hedimasta da sauran malamai. Allah ya yi maka albarka, ya sa ka fara a sa'a.