Ba ka shan giya, amma jini ya hau: amsa ga ɗan'uwa a Liyon

Wani ɗan'uwanmu mutumin Damagaram, mai aikin dare a wani sito a bayan garin Liyon na Faransa, ya turo tambaya. Likitan wurin aiki ya auna shi ya samu jininsa 150 bisa 95, ya ce ya je ya ga likitansa. Bai je ba, don tsoron kada maganar ta kai kunnen mai kamfani ko ta shafi sabunta takardar zamansa. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne bai taɓa kai giya bakinsa ba, ga abokan aikinsa Turawa kullum da jar giyar inabi a kan abinci, har suna masa tsiya wai ita ce maganin zuciya. Shi abin shansa ataya ne da gwangwanin Red Bull uku a dare.

Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Mu fara da abin da ya hana ka barci. A Faransa doka ta ɗaure bakin likitan aiki. Abin da yake sanar da kamfani shi ne kana iya aikin, ko ana bukatar a sassauta maka, ba sunan ciwonka ba. Masu sabunta takardar zama ta ma'aikaci kuwa kwantiraginka da takardun albashi da shaidar gida suke dubawa. Wanda zai iya raba ka da aikin shi ne shanyewar ɓarin jiki, kuma hawan jinin da aka ƙyale shi ne babban mai kawo ta. Ka ɗauki katinka na inshorar lafiya, wato Vitale, ka je wurin likitanka. Ba a yanke hukunci da awo ɗaya. Galibi za a sa ka auna a gida, sau uku da safe, sau uku da dare, har kwana uku.

Tsiyar abokanka tana da tarihi. A 1991 wani shirin talabijin na Amurka ya yayata cewa Faransawa na cin maiƙo amma ciwon zuciya bai cika kama su ba, aka jingina abin ga jar giya, kasuwarta ta buɗe. Daga baya aka gano inda lissafin ya karkace: cikin waɗanda aka ƙirga a matsayin marasa sha akwai tsofaffin mashaya da ciwo ya tilasta musu bari, shi ya sa masu ɗan kurɓa suka fito kamar sun fi lafiya. A Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa ƙarara cewa babu wani adadin giya da ba shi da illa. Ko ba a zo kan maganar haramci ba, giya tana hawar da jini tana rikita bugun zuciya. Ba ka yi asarar komai ba.

Sai dai ni ba kofinsu ne ya dame ni ba, naka ne. Mu da ba ma shan giya mukan ɗauka duk abin da ya halatta ba ya cutarwa. Ƙaramin gwangwanin Red Bull yana ɗauke da sukari kimanin giram 27 da sinadarin kafin mai hana barci miligiram 80. Uku a dare, ka haura giram 80 ke nan, alhali hukumar lafiyar ta ce babba kada ya wuce kimanin giram 50 a rana, wato cokalin shayi 12, in da hali ma rabin haka. To ba a taɓo ataya ba tukuna. Ka tuna yadda ake dafa ta: ganye cike da ƙaramin kofi, a tafasa har ya yi ɗaci, a antaya sukari da hannu ba awo, a yi ta ɗagawa ana juyawa har kumfa ta tashi, na ɗaya, na biyu, na uku, kowanne ya fi na baya zaƙi. Mutumin da ya sauka aiki da asuba ya sha wannan, yaushe zai yi barcin kirki? Ƙarancin barci kansa yana hawar da jini, kuma mu baƙar fata ciwon ya fi saurin kama mu.

Ganyen ba shi da laifi sosai. Mutanen Japan koren shayi suke sha dare da rana, amma ba sukari. Kowace al'umma da nata tarkon: gahawar da ba a tace ba, irin ta Turkiyya, tana ƙara kitsen jini, Misirawa kuma suna da wani baƙin abin sha na saiwa mai zaƙi da suke buɗa baki da shi, wanda yawan shansa ke hawar da jini.

Ba zan ce ka bar ataya ba, na san a can ita ce majalisa, a bakin butar ake jin labarin gida da na aiki. Ka rage sukarin zuwa rabi, ka tsaya a kofi ɗaya, kuma kada ka sha in za ka kwanta. Gwangwanin nan kuwa ka yi sallama da shi a hankali, ɗaya ɗaya, don yankewa lokaci guda na kawo ciwon kai. Gahawa ba sukari a farkon dare da gorar ruwa sun ishe ka. In ana turo maka goro, shi ma yana da sinadarin kafin, ka sa shi a lissafi. Dunƙulen miya da gishiri kuma a sassauta hannu.

In wani zai zo daga gida, ka sa a kawo maka busasshen zoɓo. An gwada shi an ga yana ɗan sauke jini, muddin ba a cika shi da sukari irin na talla ba. Amma ba ya maye gurbin ƙwaya, kuma in an ɗora ka kan magani ka gaya wa likita kana sha.

Ciwon nan yana bin jini. Ka kira gida ka tambaya ko Inna da Baba sun taɓa aunawa. Na'urar awo ta damtse ana samunta a kantunan magani a can Faransa. Ka sayi biyu, ɗaya taka, ɗaya ka ba mai tafiya Damagaram.