Amsa ga Yayata a Kano: Matan Filifin da ke barin 'ya'yansu su tafi neman kuɗi

Yaya, kin ce da kika je Umra kin ga matan Filifin cike da asibitoci da gidajen Larabawa, har wata ta gaya miki ta bar 'ya'ya uku a gida. Kika tambaye ni, anya mutanen nan da na yi aure a cikinsu sun san darajar iyali kuwa? Sun sani, Yaya. Nauyin iyalin ne ma yake fitar da su.

A nan Filifin ba a ƙirga gida da miji da mata da 'ya'ya kaɗai. Kaka tana ciki, ƙannen uwa suna ciki, har ɗan riƙo. Yaro ba ya kiran wansa da suna gatsau, sai ya ce kuya, yayarsa kuma ate, yadda nake ce miki Yaya. In ya tarar da babba sai ya kama hannunsa ya ɗora a goshinsa. Tsarin mulkinsu na 1987 ma ya rubuta cewa kula da tsofaffi haƙƙi ne a kan iyali. To amma albashin cikin gida bai kai ya riƙe wannan taron ba, kuma kayan sun fi sauka a kan 'yar fari. Ita za ta biya wa ƙanne makaranta, ita za ta sayi maganin uba, sau da yawa har aurenta ya yi jinkiri.

Fitar ba jiya ta fara ba. Tun 1974 gwamnatin Marcos ta mayar da tura ma'aikata waje manufar ƙasa, daidai lokacin da kuɗin mai ya buɗe ayyuka a ƙasashen Larabawa. Yau sama da mutum miliyan 2 ke aikin kwantiragi a waje, fiye da rabinsu mata, kuma Saudiyya ce kan gaba wajen ɗaukarsu. A 2023 kuɗin da 'yan Filifin suka turo gida ya haura dala biliyan 37. Gwamnati tana kiransu jarumai, har ma'aikata guda ta ware musu.

Yayar matata tana aikatau a Riyadh. Akwai babban kwali a ɗakinta da take cikawa wata bayan wata: sabulu, man goge baki, cakulan, takalman makaranta. Da yake ba ta san girman ƙafar ɗanta ba yanzu, surukata ke ɗora ƙafar yaron a kan takarda ta zana, ta auna, ta tura mata hoto. Kwalin ya biyo jirgin ruwa ya iso gab da Kirsimeti, unguwa ta taru ana buɗewa. Yaron yana murna, amma in zazzaɓi ya kama shi da dare kakarsa yake kira. Uwar ta san haka, kuma yana ci mata rai. Ina ganin wannan ne babban abin da ƙasar nan ke biya, kuma ba ya fitowa a lissafin banki.

Aure ma yana jin jiki. Miji a gida, mata a waje shekara da shekaru, wani ya riƙe amana, wani ya kafa wani gidan a ɓoye. Ga shi Filifin da Batikan, fadar Paparoma, ne kaɗai ba su da dokar saki ta gama-gari, domin kusan kashi 80 cikin 100 na jama'ar 'yan Katolika ne. Wanda aurensa ya mutu sai ya nemi kotu ta soke shi, abin da ke cin kuɗi da shekaru, talaka kuwa sai ya haƙura kowa ya kama gabansa, a takarda suna nan mata da miji. A 2024 majalisar wakilai ta amince da ƙudirin saki, majalisar dattawa ba ta kai ga zartar da shi ba. Musulmi dai muna da dokarmu tun 1977, wadda ta yarda da saki da hul'i a kotunan shari'a.

Mu Hausawan da ke nan ba mu da yawa, galibi karatu ya kawo mu muka zauna. Mukan haɗu ranar Juma'a a masallacin Quiapo da ke Manila. Duk saurayin da ya zo mana da maganar auren 'yar ƙasa, abin da muke gaya masa ɗaya ne: ku zauna tun kafin ɗaurin aure ku yanke nawa za a riƙa tura wa iyayenta, nawa za a tura wa naka. Gidajen da muka ga sun samu matsala, a nan ta fara. Ni duk wata kashi biyu nake fitarwa, ɗaya Kano, ɗaya ƙauyen su matata, kuma ba na ɓoye mata ko sisi.

Yanzu haka an yi wa matata tayin aikin jinya a Jidda, albashin ya ninka na nan. Na ce ban yarda yara su tashi ba uwa a gida ba, ita ma ba ta so, amma ƙaninta bai gama makaranta ba kuma ita ake kallo. Muna nan muna shawara. Ki sa mu a addu'a, ki gaishe mini da Inna.