Tambaya da Amsa: Ina Jarumin Ya Shige?

Tambaya: Assalamu alaikum. Musu ya ƙi ƙarewa a majalisarmu. Me ke sa ana cikin kallon wasan barkwanci mai dogon zango sai jarumi ya ɓace, ko a kawo wata fuska da sunansa? Daga mai karatu, Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Galibi kuɗi ne, ko ƙarancin lokaci, ko saɓani da furodusa. Sau da yawa zango-zango ake ƙulla yarjejeniya. Da shiri ya karɓu sai jarumi ya nemi ƙari, furodusa kuma ya ce kasafin nan dai shi ne.

Inda gizo ke saƙar shi ne, sau da yawa ba a ɗaukar shiri a jere yadda kuke kallonsa. Idan an kama hayar gida, duk fitowar da za a yi a falon, daga kashi na ɗaya har na ƙarshe, a 'yan kwanaki ake kwashe ta. To idan jarumi ya yi fushi a tsakiya, sai a tarar akwai fitowarsa ta kashi na goma, babu ta na uku. Nan marubuci ke kwana bai runtsa ba. Ko ya tura shi tafiya, ko ya kashe shi, ko a sa wani ya sa kaftaninsa da hularsa a ɗauko ƙeyarsa kawai. Ku lura: in kun ga mutum ya koma magana ta waya kullum, ba a nuna fuskarsa, akwai lauje cikin naɗi.

Sauya fuska ya fi kowanne haɗari, don 'yan kallo ba sa yafewa da wuri. A Amurka, shirin The Fresh Prince of Bel-Air ya maye gurbin Janet Hubert da Daphne Maxwell Reid a 1993, sunan a labari bai canja ba. A 2011 masu shirin Two and a Half Men suka sallami Charlie Sheen, suka kashe shi a labarin, suka ɗauko Ashton Kutcher a matsayin sabon mutum. A ganinmu wannan dabarar ta fi, ba a raina wa mai kallo hankali ba. Mu ma nan gida an ga sauya fuska a shirin Labarina, duk da ba barkwanci ba ne: Fati Washa ta karɓi matsayin Sumayya bayan Nafisa Abdullahi.

Tambaya: Dariyar da ake ji a irin waɗannan wasanni na Turawa, ta gaske ce? Daga ɗaliba, Samaru.

Amsa: Malama, wata ta gaske ce, wata ta gwangwani, wato wadda aka naɗa aka ajiye. Wasu wasannin a gaban 'yan kallo ake ɗaukarsu da kyamarori uku ko huɗu. Amma idan an maimaita fitowa sau biyar dariya takan yi sanyi, sai mai tace sauti ya cike da wadda aka naɗa tun tuni.