Tambaya da Amsa: Yadda za a hana maratayin jita suɓucewa

Tambaya: Ina buga bes, wato jita mai kaurin sauti, a cocinmu da ke Sabon Tasha. Sau da yawa ina cikin kiɗa sai maratayin ya fice daga maɓallin sama da ke riƙe shi a jikin jitar, sai dai in cafke jitar da hannu. An ce akwai makulli na musamman, amma tsadarsa ta fi ƙarfina. Ko akwai dabarar da zan yi a gida?

Amsa: Akwai, ɗan'uwa, kuma kuɗinta bai kai na kwalbar lemo ba. Abin da ke faruwa shi ne ramin da ke bakin fatar maratayin ya buɗe saboda nauyi. Bes yakan kai kilo 4 ko fiye, duk a rataye a kan maɓalli biyu. Da ka ɗaga wuyan jitar sama ko maratayin ya murɗe, sai fatar ta zame ta kan maɓallin.

Makullan ƙarfe na kamfanonin Schaller da Dunlop suna da kyau, amma faifan roba yana yin aikin. Je wajen mai faci ka nemi guntun tsohon tub na babbar mota, wanda kaurinsa ya kai milimita 2 zuwa 3. Na babur ya yi siriri, yana talewa da sauƙi. Masu sayar da kayan famfo ma suna da washar roba ta bakin tiyo, in ka dace da mai ƙaramin rami. Ɗora murfin kwalbar lemo a kan robar ka zagaye shi da biro, ka yanke da almakashi. Faifan zai fito da faɗin milimita 26 zuwa 30, wanda ya isa ya rufe ramin fatar har da tsagar da ke jikinsa.

Ramin tsakiya shi ne wurin da aka fi ɓata aikin. Auna wuyan maɓallin, wato siririn wurin da fatar ke zama, ka yi ramin daidai da shi ko ƙasa kaɗan; a yawancin jitoci milimita 6 zuwa 8 ne. Kada ka yanka da reza. Reza tana barin 'yan tsage a gefe, kuma daga nan robar ke fara yagewa da zarar ka ja ta. Kai wa mai gyaran takalma ya huda maka da ƙarfen da yake huda bel, bugu ɗaya rami ya fito zagaye sumul. Sai ka sa maratayin a maɓalli tukuna, sannan ka tale robar ta haye kan maɓallin ta zauna a bayan fatar. In ta shige ba wahala, ramin ya yi faɗi, sake wata. Ta gari sai ka sa ƙarfin babban yatsa biyu.

Yi guda huɗu, biyu a jita biyu a jaka. Hunturun Kaduna yana busar da roba, don haka duk bayan 'yan watanni ka lanƙwasa ta ka duba, in ka ga tsage ka jefar. Mai jitar Gibson ya lura kada robar ta daɗe tana taɓa jikin jitar, domin fentinsu yana tabo idan ya haɗu da wasu robobi.

Tambaya: Ni maratayina bai fita ba, maɓallin ne gaba ɗaya ya tumɓuke daga katako har da sukurunsa. Wani ya ce in cika ramin da sufa gulu. Daga mai jita a Barnawa.

Amsa: Kada ka sa sufa gulu, Malam. Yana bushewa ya yi tauri ya farfashe, kuma ɗigo ɗaya a kan fenti ba ya fita. Haƙoran sukurun ne suka cinye katakon, abin da ramin ke buƙata shi ne sabon katako da za su kama. Ɗauki tsinken sakace biyu ko uku, ka shafa musu farin gam na kafintoci, ka cusa su har ƙarshen ramin, ka karya abin da ya fito. Goge gam ɗin da ya tsattsafo da jiƙaƙƙen tsumma, ka mayar da sukurun da hannu, ban da injin. Da ya tsaya ka dakata, domin ƙarin murɗawa shi ke sake cinye ramin. Bar shi awa 24 kafin ka rataya.

Wannan gyaran ya fi makullin kansa muhimmanci. Roba mai kyau a kan sukuru mai girgiɗi ba ta hana jita faɗuwa, kuma faɗuwa ɗaya kan tsaga wuya ko ta karya kan da ke riƙe da wayoyi. Kafin kowane wasa, kama maɓallin da yatsa ka murza. In ya juya, ɗaure shi a take.

Tambaya: Ba na cire maratayina ko kaɗan. Zan iya kafe shi dindindin? Daga Tudun Wada.

Amsa: Za ka iya. Nemi washar ƙarfe mai faɗin milimita 25 da ƙaramin rami a Panteka. Kwance maɓallin, ka zura fatar a wuyansa ta ƙasa, ka ɗora washar a kansa, sannan sukuru ya ratsa su duka. Tunda yanzu kan sukurun yana zaune a kan washa ne, tsohon zai gaza. Sayi mai kauri iri ɗaya wanda tsininsa zai leƙo ƙasan maɓallin daidai da yadda tsohon yake yi. Wanda ya fi kauri yana iya tsaga siririn ƙahon jitar, wato tsinin jikinta inda maɓallin sama yake. Kada ka manta da ɗan ƙyallen da ke tsakanin maɓalli da fenti, kuma ka goge gefen washar da sanfefa don kada ta ci fatar.