Tambaya da Amsa: Yarinyar da nake riƙo za ta koma hannun gwaggonta

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan ina riƙon wata marainiya wadda jami'an jin daɗin jama'a suka damƙa mini bayan rasuwar iyayenta, da sharaɗin zan riƙe ta har a gano danginta. Yanzu shekararta 6, Mama take ce mini, kuma an gano gwaggonta a wani gari, ta ce za ta karɓe ta har ta aurar da ita. Manya a gidanmu sun ce kada a gaya wa yarinyar komai, a ce mata biki za a je, in an isa sai in sulale in dawo, wai kwana biyu za ta manta. Hankalina bai kwanta da wannan shawara ba. Yaya zan yi? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya saka miki da alheri, ya sa wannan riƙo a mizaninki. Ina girmama manyan da suka ba ki shawara, domin na san tausayin kukan rabuwa ne ya sa suka faɗi haka, amma ina roƙonki kada ki bi ta. Yarinya mai shekara 6 ba ta mantawa. Abin da ake gani a ɗauka mantuwa ce, yawanci shiru ne na wanda ya daina sa rai. Wannan yarinya ta taɓa wayar gari ta ga babu mahaifiyarta, idan kuma ke ma kika ɓace mata ta hanyar yaudara, darasin da za ta ɗauka shi ne duk wanda ta amince da shi zai iya tafiya ba sallama. Gwaggon da kuke so ta saba da ita ce za ta fara ɗanɗana kuɗar wannan rashin yarda.

Ki zaunar da ita ki gaya mata gaskiya da kalmomin da za ta fahimta: an gano 'yar'uwar babanta, tana son ta, kuma can za ta koma da zama. Ki nanata mata cewa ba wani laifi ta yi ba, saboda yara masu irin shekarunta suna yawan ɗora wa kansu alhakin abin da manya suka yanke. Za ta yi kuka, wataƙila ta yi kwanaki tana fushi da ke, ki bar ta ta yi. Bayan haka sai a bi abin daki-daki. Gwaggon ta fara zuwa gidanki ta wuni, yarinyar ta gan ku kuna gaisawa kuna cin abinci tare, domin yaro daga fuskar wanda ya sani yake gane ko baƙo abin yarda ne. Daga nan ku kai mata ziyara tare ku dawo tare, sai yarinyar ta kwana ɗaya, sai ta yi ƙarshen mako, kafin a sa ranar da kowa ya sani, har da ita. Makonni kaɗan kan wadatar, kuma bai kyautu a ja abin watanni barkatai ba, don zaman rashin tabbas shi ma yana wahalar da yaro. Mai dashen shuka yakan ciro ta da ƙasar da ke jikin saiwarta. Haka ita ma, ki haɗa mata tufafinta, allonta, 'yar tsanarta, hotuna da duk abin da ya rage na mahaifiyarta, ki kuma sanar da gwaggon abincin da take so, abin da ke ba ta tsoro da yadda kike lallashinta idan ta farka cikin dare.

Kada ku yi wannan miƙawa tsakaninku kawai. Tunda hukuma ce ta ba ki amanar, ta hannunta za ta fita daga wuyanki. Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003 ta sa maslahar yaro gaba da komai a duk shawarar da ta shafe shi, Jihar Kaduna kuma tana da tata dokar kula da yara da kare su tun 2018. Ki nemi jami'an su je gidan gwaggon da kansu, su ga su wane ne ke zaune a ciki, su ji ta bakin maigidanta ko ya amince, su tabbatar makaranta za a sa yarinyar ba talla ko aikatau ba. Wannan ba zargi ba ne ga baiwar Allah, amma duk mun san gidajen da 'yar riƙo ce ke fara tashi, ita ce kuma ta ƙarshen kwanciya. A rubuta komai, ki miƙa takardar haihuwa da katin rigakafi da sakamakon makaranta, in kuma babu takardar haihuwar, a nema a ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da sunan mahaifinta na asali.

Batun suna yana da nauyi a addini, domin aya ta 5 a Suratul Ahzab ta yi umarni a kira 'ya'yan riƙo da sunan iyayensu maza. Riƙo ba ya sauya nasaba kuma ba ya jawo gado, sai dai mai riƙo yana iya yi wa yaro kyauta yana raye, ko wasiyyar da ba ta wuce sulusin dukiyarsa ba. Idan iyayenta sun bar mata wani abu, a lissafa shi gaban shaidu a adana mata har ta mallaki hankalinta, kamar yadda Suratun Nisa'i ta tanada. Ya kamata kuma a tuntuɓi dangin mahaifiyarta in akwai su, domin a mazhabar Malikiyya kaka ta wajen uwa da 'yar'uwar uwa suna gaba da gwaggo a haƙƙin reno, kuma gara a warware wannan a gaban alƙali yanzu da a sake tayar da yarinyar bayan ta zauna.

Bayan ta koma, za a iya ganin ta dawo da fitsarin kwance, ko ta riƙa ɓoye abinci, ko ta yi taurin kai don ta gwada ko za a kore ta. A gaya wa gwaggon tun yanzu cewa duka ba ya maganin wannan, kuma kada a taɓa yi mata barazanar mayar da ita. Ke kuma, Hajiya, kada ki yarda da masu cewa ki yanke zumunci don ta saba. Ku yi yarjejeniya da gwaggon a kan ranar da za ki riƙa kira a waya da lokacin ziyararki ta farko, ki faɗa wa yarinyar ranar, ki kuma cika alkawarin. Idan an yi wata uku tana ramewa, ko ta daina magana da wasa, ko kika ga alamar duka a jikinta, ki sanar da jami'in da ke riƙe da takardunta, ki nemi a kai ta asibiti a duba ta.