Tambaya da Amsa: Wa Zai Kauce wa Wani a Kan Ruwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sa wa kwalekwalena inji, ina fito a Kogin Kaduna. Idan muka yi kiciɓis da wani jirgi, wa zai kauce? Kuma me busar ham take nufi? Daga mai karatu a Kabala, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, malam. Idan kuka fuskanci juna gaba da gaba, kowa ya karkata dama, ku wuce hagu da hagu. Ka karkata da wuri, sosai, yadda ɗayan zai gane nufinka. Sau da yawa karo yana zuwa ne daga ɗan karkatawar da ba a gani, kowa yana zaton ɗan'uwansa zai kauce.

Idan hanyoyinku za su gitta, wanda ya ga jirgi ta damarsa shi zai ba da hanya, ya bi ta bayansa. Mai son wuce wani daga baya, nauyin kaucewa a kansa yake.

Busa kuwa magana ce. Gajera, ta kamar daƙiƙa 1, sau ɗaya tana nufin na juya dama. Biyu, na juya hagu. Uku, injina yana ja da baya. Biyar a jere da sauri, ban gane nufinka ba, akwai haɗari. Doguwar busa tana ɗaukar daƙiƙa 4 zuwa 6, kuma ita ce muke so ka fi riƙewa. Ka yi ta kafin kwanar da ciyayi ko duwatsu suka tare maka gani, sannan ka rage wuta ka saurari amsa, don ƙarar injinka tana toshe maka kunne. A hazo mai kauri, ka maimaita ta, kada tazarar ta wuce minti 2. In ba ka da ham, usur mai ƙarfi ya isa, ka rataye shi a wuya.

Kusa da kwalekwalen hannu ka rage gudu. Wanda aka loda wa buhunan masara, bakinsa saura yatsa huɗu ya taɓa ruwa, igiyar ruwan da injinka ke tayarwa kaɗai tana iya cika shi.

Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, mai hedikwata a Lokoja, ta wajabta rigar kariya ga kowane fasinja, ta kuma hana tafiyar dare. Da damina, idan kogi ya kawo, ka sa wani a gaban jirgi yana duba kututture.