Dalilin da ya sa harshen Uzbek ya rasa jituwar wasula

Za a iya tambaya ko me ya sa harshen Uzbek na ƙasar Uzbekistan ba ya bin ƙa'idar jituwar wasula, wato dacewar wasulan kalma ɗaya da juna, alhali danginsu ɗaya da Turkanci. A Turkanci, ɗafa-ƙeyar jam'i, wato gaɓar da ake liƙawa a ƙarshen kalma don nuna yawa, kan sauya wasalinta domin ta dace da wasalin ƙarshe na kalmar, shi ya sa ake cewa "evler" ga gidaje, amma "kitaplar" ga littattafai. A daidaitaccen Uzbek kuwa, "-lar" ɗaya ce ko'ina, kamar a "uylar" (gidaje) da "kitoblar" (littattafai).

Mafi yawan masana suna danganta wannan da doguwar cuɗanya da Tajik, wanda reshe ne na Farisanci, musamman a biranen Samarkand da Bukhara na Uzbekistan, inda mutane suka shafe ƙarnoni suna magana da harsunan biyu tun suna yara. Da yake a kan karin harshen birane aka kafa daidaitaccen harshen a zamanin Tarayyar Sobiyet, sai ya gaji wannan siffa. A ganina hujja mafi ƙarfi tana karkara, domin kare-karen Uzbek na reshen Kipchak (wani rukuni na harsunan dangin Turkanci), waɗanda ba su cuɗanya da Tajik sosai ba, har yanzu suna riƙe da jituwar.